Gingimarin Hurera

A gidanmu, can wani ƙauye bayan Tsiga, hira ba ta yin daɗi sai an gama aikin kaka. Lokacin dawa ta shiga rumbu, an tsince auduga an kai kasuwa, sanyi kuma ya fara sauka tun rana ba ta gama faɗuwa ba. Da an idar da sallar isha'i sai mu jawo karan dawa mu hura wuta a ƙofar ɗakin Iya, kakata ta wajen uba. Ba zaman banza ake yi ba. Kullum akwai ƙwaryar gyaɗa da za a ɓare, Iya kuwa ba ta buɗe baki sai ta ga hannun kowa yana motsi. Mukan binne dankali a cikin toka mu riƙa satar kallonsa, ita kuma tana satar kallonmu.

Iya siririya ce, haƙoranta sun rine da goro. Ban taɓa ganin mutum mai zargi irinta ba. Idan baƙo ya cika fara'a, da ya fita sai ta ce a je a duba awaki. Idan mai tallan manja ya yi mata ragi ba ta roƙa ba, sai ta shinshina kwalbar ta mayar masa da abinsa. Har tatsuniyoyinta haka suke. Duk wanda ya zo da kyauta a farkon labari, mun san kafin ƙarshe za a ga wutsiyarsa. Tana da yadda take buɗe su, ba irin na sauran tsofaffi ba. Sai ta ce, "Ga ta nan tafe, ta sha hanya, mai jin barci ya ba ta wuri." Mu kuma mu amsa, "Ta zauna, mun shimfiɗa mata tabarma."

Ina ajin ƙarshe na firamare malamarmu ta karanta mana labarin matan da suka yi fice a duniya. Na dawo gida bakina ya ƙi rufuwa. Da muka zauna bakin wuta, tun Iya ba ta fara ba na riga ta. Na ce akwai matar da ta mulki ƙasa guda, sojoji na sara mata. Akwai wadda ta gano magani. Akwai wadda ta tuƙa jirgin sama ita kaɗai ta haye teku.

Iya ta bari na gama tsaf, tana tauna goronta.

"Ke Sa'a, a cikinsu wacce kika gani da idonki?"

"Iya, ai a littafi suke."

"Wa ya rubuta littafin?"

"Ban sani ba."

"To kin ji. Wanda ba ki sani ba ya ba ki labarin wadda ba ki gani ba, kin kwaso kin kawo mini. Malamar taku ta gaya muku Hurera?"

"Wace Hurera?"

"Hurera mai gingimari. Nan garin ta zauna, bayan masallaci, inda injin niƙa yake yanzu. Ita kam na gan ta, na shiga motarta, na kuma fito da raina, alhamdu lillahi. Ku gyara wutar nan. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya shimfiɗa mata tabarma."

Ga labarin kamar yadda na ji shi a wannan zama, da wasu zaman da yawa bayansa, don mun sha roƙonta ta maimaita.

A zamanin da Iya take sabuwar aure, mota ɗaya ce a duk yankinmu, wata babba mai bodin katako, irin wadda ake kira gingimari. Mai ita kuma direbanta shi ne Malam Bawa. Da rani yakan kwashi auduga daga kasuwannin ƙauye ya kai gidan gurza a Funtuwa, da damina ya ɗauki hatsi da 'yan kasuwa zuwa Bakori da Malumfashi. Mutum ne mai ado, mai son jama'a. In ya shigo gari yana danna oda, yara sai su bi shi da gudu har ƙofar gida. Matarsa Hurera ba 'yar garinmu ba ce, daga wajen Maska ya auro ta. Gajeriya ce, baƙa, ba ta da yawan magana. 'Ya ɗaya Allah ya ba su.

Sai abubuwa suka fara canzawa. Da farko aka ga Hurera ta soma bin mijinta tafiya, tana zaune kusa da shi a gidan gaba. Matar aure, kasuwa-kasuwa, a gaban mota! Ba a gama wannan maganar ba sai Malam Bawa ya sallami yaron motarsa da suka daɗe tare, ba tare da ya yi laifin komai ba. Ya daina ɗaukar fasinja, sai kaya kawai. Ya rataya labule a tagogin gidan gaba. Su fita tun gari bai waye ba, su dawo bayan magariba. A kasuwa ba ya saukowa, Hurera ce ke magana da dillalai da 'yan dako. Ya bar zaman dandali. In an gaishe shi sai ya amsa yana kallon gefe, kamar wanda hankalinsa ba ya jikinsa.

"Mutumin da in ya yi dariya a tasha ana jin sa a bakin rafi," in ji Iya, "ya koma kamar kazar da ruwa ya doka. Ku gaya mini, ciwo ne? Ba ya tari, bai rame ba. Mallake shi aka yi, kowa ya sani."

Sannan wani makiyayi ya zo da abin da ya fi wannan. Ya rantse ya ga motar da sassafe a hanyar Dandume, tana tafiyarta lafiya lau, Malam Bawa na zaune a kujerar fasinja hannuwansa a kan cinya, a bayan sitiyari kuwa ba kowa, sai wani baƙin abu a dunƙule. Daga ranar aka daina cewa mallaka, aka koma cewa aljanu.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da Malam Bawa, kwanaki kaɗan ya rasu. Ba wanda ya fito fili ya ce komai, amma a wurin zaman makoki mata da yawa ba su taɓa fura ba. Hurera ta shiga takaba. Ƙanen mamacin, wanda shi ma direba ne a Zariya, ya zo don ya tafi da motar. Jama'a suka taru suna kallo. Ya murɗa makulli, ya sake murɗawa, aka tura ta har bakin masallaci aka dawo da ita, ya buɗe gabanta ya leƙa, gumi ya jiƙa masa riga. Gingimari ko tari ba ta yi ba. Haka ta zauna kaji na kwana a ƙarƙashinta har Hurera ta fita takaba.

Ranar da ta fita, ta yi wanka, ta ɗaura ɗamara da gyalenta, ta taka ta hau. Aka ga ta sunkuya ta taɓa wani abu a ƙarƙashin kujera. Tashi ɗaya motar ta tashi. Ta juya ta a filin masallaci, gaba da baya, ko katangar kara ba ta goga ba, ta kama hanyar Funtuwa.

A nan Iya takan dakata, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, hasken wuta na wasa a idonta.

"Yaushe ta koya? Wa ya koya mata? Mace ta fito daga takaba ta hau gingimari kamar ta hau kujerar tsakar gida! Ni dai ban ce komai ba. Amma ku ma kuna da kai, ku yi tunani."

Da ƙanen ya ji labari sai ya aiko cewa ya haƙura, ba zai kai wa iyalinsa abin da bai san kansa ba. Mata suka daina zuwa gidanta ɗiban wuta ko aron turmi. In ta biyo hanya iyaye su janye 'ya'yansu. Maza suka ce ba mai ɗora mata kaya. Sai dai auduga ba ta jiran kowa, kuma ba wata motar. Dillalai suka fara ɗorawa a ɓoye, daga baya a fili, kowa na tofa addu'a a kan buhunansa. Kaɗan ne suka tsaya kan bakansu. Kakanmu Malam Sale, mijin Iya, yana cikinsu. Ya rantse ƙafarsa ba za ta taka motar nan ba, ya ci gaba da kai audugarsa a kan jaki.

Sai ga damina, ga Iya da tsohon ciki. Cikin mahaifinmu ne, kuma waɗanda suka riga shi ba su zo da rai ba. Naƙuda ta zo ta ƙi ƙarewa. Aka sha rubutu, aka yi turare, aka yi duk abin da aka sani. Daga ƙarshe ungozoma ta fito ta ce da Malam Sale yaro ya zo a gicciye, hannunta ya gaza, in ba asibiti ba za a rasa su duka biyun. Asibiti kuwa sai Malumfashi, ga ruwan sama tun safe, kowa ya san rafin da ke kan hanya ya kawo. Mahaifiyar Malam Sale ta ce gara yarinya ta mutu a ɗakinta da kalmar shahada da a saka ta a motar aljanu. Malam Sale ya tsaya a zaure yana jin nishin matarsa. Can sai aka ga ya fita cikin ruwan, ko hula babu a kansa.

Daga baya ya gaya wa Iya cewa da ya isa ƙofar gidan Hurera bakinsa ya yi nauyi, ya kasa ko sallama. Ita ce ta fito, ta riga ta yi ɗamara, ta ce, "Na ji tun jiya, jira nake a kira ni. Ka samo maza majiya ƙarfi da fatanya su hau baya. Ita a kawo ta gaba."

"Kun ji ko?" in ji Iya. "'Na ji tun jiya.' Wa ya gaya mata? Ba mai shiga gidanta."

Na ce, "Iya, ai ƙauye ne, kowa ya ji."

"Rufe mini baki, 'yar boko. Ke kika haihu ko ni?"

Aka sa Iya a tsakiya, ungozoma a gefen ƙofa tana tallafe da ita. Duk azabar da take ciki, ta ce, idonta bai bar Hurera ba. Ta ga lokacin da hannun nan ya shiga ƙarƙashin kujera. Suna fita gari kuma ta ji abin da ya sa tsigar jikinta tashi. Hurera na magana ƙasa-ƙasa, ba da su ba. "Rami a dama. Sassauta. Gangara ce, a sauko da giya. Ga shanu can gaba. Yawwa, miƙe." Haka ta yi ta yi, ba tsayawa, da wata murya mai taushi irin wadda ake yi wa na jiki magana.

"Mu uku ne a ciki," in ji Iya. "Ba da ni take ba, ba da ungozoma take ba. To da wa? Ungozoma ta kama karanto duk abin da ta haddace, har da wanda ba ta haddace ba."

A hanya Hurera ta miƙo mata gorar ruwa. Leɓen Iya ya bushe har ya tsage, amma ta kawar da kai. Hurera ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Ba komai. Ga ƙarfe nan gabanki, in ciwon ya taso ki matse shi. Kada dai ki kama hannuna, ina bukatarsa."

Suka iso rafi. A lokacin babu gada, mashigi ne kawai inda ƙasa ke da tauri. Ruwa ya yi ja, yana tafe da kara da rassan itace. Mazan da ke baya suka diro suka duba, suka ce sai dai a koma. Malam Sale bai ce a koma ba, bai ce a shiga ba, ya tsaya yana kallon ruwan kamar an dasa shi. Hurera ta sauko, ta tattare zaninta, ta karɓi sanda a hannun wani, ta shiga. Ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Tana tafe tana caka sandar a ƙasa har ta haye, ta juyo ta wani gefen. Ta nuna musu inda ruwa ya zaizaye, ta sa suka jido duwatsu suka cike. Ta buɗe gaban motar ta naɗe wani abu da buhu. Sannan ta hau, jikinta na ɗigar ruwa, ta ce kowa ya riƙe abin riƙewa.

Suna tsakiya ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa har ya rufe musu idon sawu. Motar ta karkace, injin ya fara shaƙewa. A nan ne Hurera ta ɗaga murya. "Kada ka tsaya, Malam! Kada ka tsaya, ba ta wuta!"

Iya takan rage murya in ta zo nan, mu kuma mu matso har gwiwoyinmu na gogar juna.

"Malam ɗin da take kira ba kakanku ba ne, shi yana baya. Mamaci take wa magana. Da kunnena na ji. Motar kuwa ta yi wani irin gurnani ta fizge, sai ga mu a kan tudu."

Suka isa asibiti da la'asar. Aka yi wa Iya aiki, aka ciro mahaifinmu da ransa. Hurera ba ta shiga ciki ba. Ta zauna a motarta da jiƙaƙƙun kaya har Malam Sale ya fito ya ce an samu namiji, uwa ma tana numfashi. Ta ce, "Allah ya raya," ta tayar da mota. Ranar suna ya aika mata da goro da cinyar rago. Ta karɓa ta yi godiya. Ba ta zo ba, kuma gaskiya ba a ce ta zo ba.

Tun daga nan duk macen da haihuwa ta tsananta wa a ƙauyukanmu, ƙofar Hurera ake bugawa. Rani da damina, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ta je birni ta yi gwajin tuƙi ta karɓo lasin, aka ce ma'aikata sun fito daga ofisoshinsu suna kallonta. Samari da yawa a hannunta suka koyi mota, wasunsu har suka ja tirela zuwa Legas. Ta yi tuƙi har furfura ta rufe mata kai. Da aka zuba kwalta, ƙananan motoci suka yi yawa, sai ta bi 'yarta Funtuwa, a can ta rasu. Amma har ta bar garinmu, mutane na hawa motarta ne suna addu'a a zuci, kuma ba mai cin tuwon gidanta.

Na ce, "Iya, to ai ta ceci ranki."

"Allah ne ya cece ni. Ita tuƙi ta yi."

"To mutuniyar kirki ce ko ba ta kirki ba?"

"Ni na ce miki muguwa ce? Abin da na gani na gaya miki. Ta yi abin da mazan garin nan suka kasa, wannan ba mai musu. Yadda aka yi ta iya, shi ne ban sani ba, kuma abin da ban sani ba ba na sakin jiki da shi. Hira ta tashi, ta naɗe kayanta, ta tafi. Ku tono dankalinku ya ƙone."

Ni ma jinin Iya ce, don haka na zarge ta. Na ɗauka ƙirƙiro Hurera ta yi don ta kayar da matan littafina. Na sami mahaifina yana gyaran kekensa na tambaye shi. Bai ɗago ba ya ce, "An yi ta. Muna yara akan hana mu zuwa kusa da gidanta." Na lura dai ya daɗe yana juya ƙafar keken bayan ya gama gyaran.

Shekaru suka wuce. Na yi karatu, na zama malama a wata makarantar 'yan mata a Funtuwa, na yi aure, har Allah ya hore mini 'yar ƙaramar mota. Wata rana da yamma ina dawowa daga Bakori, hadari ya haɗo, na ga wata dattijuwa a bakin hanya da jakarta tana jiran mota. Na tsaya na ɗauke ta. Bayan gaisuwa sai na ga idonta na kan ƙafafuna.

Can ta ce, "'Yata, kina saurin sakin kuloci. Za ki gajiyar da ita."

Na yi dariya. "Hajiya, ashe kin iya mota."

"Ban iya ba. A cikinta dai na girma. Uwata direba ce."

Na ce, "Ba dai Hurera ba?"

Ta juyo gaba ɗaya, fara'ar ta ɗauke daga fuskarta. "Ke 'yar wace ce? Me aka gaya miki a kanta?"

Na gangara gefen hanya na kashe mota. Na gaya mata sunan ƙauyenmu, na ce mahaifina shi ne yaron da aka haye rafi da cikinsa. Ta daɗe tana kallona, kamar tana auna ko zan iya riƙe abin da za ta ba ni. Ruwa ya sauko yana dukan gilashi. Sannan ta ce sunanta Maryama, ta fara magana.

Idon mahaifinta ne ya fara mutuwa. Da farko in rana ta faɗi ba ya gani, daga baya gefe-gefe ya rufe, daga ƙarshe ba abin da yake bambancewa sai haske da inuwa. Sun nemi magani a ɓoye, ba a dace ba. Ya san in aka ji, ba mai sake ba shi kaya. Abin da ya fi wannan, shi da yara ke bi da gudu, ba zai iya jure a riƙe masa sanda ba. Sai Hurera ta zama idonsa. Ta zauna kusa da shi tana karanta masa hanya, rami da gangara da shanu. Da abin ya wuce haka suka musanya kujera. Shi ya koya mata, da kunne. Yakan saurari kukan injin ya ce ta canza giya, ya ɗora hannunsa a kan nata. Labulen don kada a gani ne. Yaron motar don kada ya gane ne aka sallame shi, kuma mahaifinta ya yi kuka ranar. Abin da ke ƙarƙashin kujera kuwa wani ɗan makunni ne da ya haɗa da hannunsa saboda ɓarayi, in ba a taɓa shi ba mota ba ta tashi.

"Yana kwance zai rasu ya sa ta yi masa alkawari," in ji Hajiya Maryama, "kada kowa ya ji cewa ya makance. Ta ce ta ɗauka."

"Duk abin da ake faɗa a kanta, ta sani?"

"Wanne ne ba ta ji ba? Ni aka fi jefa wa a wurin ɗiban ruwa. Na sha dawowa ina kuka, in ce Inna ki faɗa musu mana. Sai ta ce, 'Sun hau motar ko ba su hau ba? To ƙyale su.'"

Na tambaye ta maganar da take yi ita kaɗai in tana tuƙi. Hajiya Maryama ta yi murmushi, idonta ya kawo ruwa.

"Ba ta taɓa dainawa ba. Ko da ta tsufa, in muka shiga motar haya sai ki ji tana karanta hanya a hankali. Na ce Inna mutane na kallonki. Ta ce in ta yi shiru sai ta ji kamar ta sauke shi a hanya ta tafi." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ni ban yi masa alkawari ba, ita ta yi. Kuma duk sun tafi. Tayar da motar, 'yata, a hankali."

A ƙarshen makon nan na tafi gida. Iya ta tsufa ƙwarai, ba ta iya zaman bakin wuta kuma, sai dai a fito da ita hantsi ta sha rana. Na zauna kusa da kunnenta na kwashe komai na gaya mata. Ta saurara idonta a rufe.

"Wa ya gaya miki?"

"'Yarta, Iya."

"'Yarta. To ɗiya za ta ce uwarta na da aljanu?"

"Amma ai kin ga komai ya dace. Labulen, da yaron motar, da maganar da kika ji."

"Shi ne abin da bai kwanta mini ba. Labarin da komai ya dace a cikinsa, zama aka yi aka gyara shi."

Raina ya ɗan ɓaci. Kaji na tono a gabanmu. Har na ɗauka barci ya ɗauke ta, sai na ji ta ce, "Kin ce ba ya gani sam?"

"Sai haske da inuwa."

"Na taɓa gaishe shi a hanyar rijiya," ta ce a hankali, "ya juya ya amsa wa katanga." Can ta ce, "Juma'a mai zuwa ki ce wa uwarki ta jiƙa wake. A yi ƙosai mai yawa, a raba a ƙofar masallaci."

"Sadakar wa, Iya?"

"Kin cika tambaya."

Aka yi ƙosan, aka raba. Iya ta rasu a ranin shekarar, ba ta taɓa cewa ta yarda ba, ba ta kuma sake ambaton aljanu ba.

Na daɗe ina jin haushin garinmu a kan Hurera, har da Iya a ciki. Yanzu da na manyanta abin ya sassauta. Na gane cewa waɗanda suka yabe ta daga nesa ba su riƙe komai nata ba, sai dai su ce an yi wata mace mai tuƙi. Iya kuwa, saboda ba ta yarda da ita ba, ta zuba mata ido da kunne a ranar da ta fi kowace rana wuya a rayuwarta, ta riƙe kowace kalma, ta ajiye mana. Da ba don zarginta ba, da muryar nan mai karanta hanya ta bi iska.

Amma in na zauna ni kaɗai, ba rafin ne ya fi tsaya mini a rai ba, ba kuma lasin ɗin ba. Abin da nake tunawa shi ne mace a gari guda da mutanen da take ɗauka a motarta, take kai matansu asibiti, tana ganin suna janye 'ya'yansu in ta wuce, alhali amsar da za ta wanke ta tana kan harshenta. Kalma ɗaya ce, kuma wanda ta yi wa alkawari ba ya nan balle ya ji. Haye rafin yini guda ya ɗauke ta. Wannan kuwa kowace safiya sai ta sake yin sa, har ta koma ga Allah.